Ma'anar kalmar "edify" da yadda masu harshen suke amfani da ita

Wani malamin makarantar sakandare ya aiko da tambaya, ya ce ya ci karo da kalmomin "edify" da "edification" a cikin wani nassi da yake shirin karantar da ɗalibansa. Ya duba ƙamus, ya tarar an ce ma'anarsu ita ce kyautata ɗabi'ar mutum ko tunaninsa, amma bayanin bai gamsar da shi ba. Yana son ya san ko kalmar daidai take da "educate", ko ya dace ya rubuta "for your edification" a saman rahoton da zai miƙa wa shugaban makarantarsu, sannan da wace kalma zai fassara ta idan ɗalibai suka nemi ya faɗa musu da Hausa.

Malam, tambayarka ta biyu ita ce mafi gaggawa, don haka da ita zan fara. Kada ka rubuta wa shugabanka wannan jimla. Ƙamus bai yi maka ƙarya ba, domin ma'anar da ya ba ka daidai ce, sai dai bai gaya maka cewa a Ingilishin yau wannan jimla ta fi fitowa daga bakin mai gatse fiye da bakin mai ladabi ba. Wanda ya saba da harshen, idan na ƙasa da shi ya aiko masa da takarda ɗauke da waɗannan kalmomi, abin da zai ji shi ne an ce masa, "Ga wannan ka karanta, ko Allah zai sa ka waye." Yadda kalma mai daraja irin wannan ta zama makamin ba'a ba zai fahimtu ba sai an bi tarihinta, kuma a cikin tarihin ne amsar sauran tambayoyinka biyu take.

Asalin kalmar gini ne, gini na zahiri irin wanda magina suke yi. Ta shigo Ingilishi ne daga tsohon Faransanci, a cikin ɗimbin kalmomin da suka kwararo cikin harshen a ƙarnonin da suka biyo bayan mamayar da Normawa suka yi wa Ingila a 1066, kuma tana nan a rubuce-rubucen Ingilishi tun ƙarni na 14. Faransanci kuwa ya gaje ta daga kalmar Latin "aedificare", wadda aka haɗa daga "aedes", wato ɗakin ibada ko gida, da "facere", wato yi. Daga wannan tushe ne kalmar "edifice" ta fito, wadda har gobe take nufin katafaren gini, kuma a harshen Sifaniyanci da na Italiyanci 'yan'uwan wannan kalma suna nan da ma'anarsu ta gina bene ko coci. A Ingilishi ma ta daɗe tana ɗauke da ma'anoni biyu a lokaci guda, ta gini na zahiri da ta kyautata hali. Mawaƙi Edmund Spenser, a cikin doguwar waƙarsa da ta fara fitowa a 1590, ya yi amfani da ita a kan wani ƙaramin ɗakin ibada da aka gina a gefen daji. Wannan ma'ana ta zahiri ta mutu daga baya, ta yadda idan wani ya ce maka yau zai "edify" ɗin gida, to ko dai wasa yake yi, ko kuma bai san harshen ba.

Ma'anar da ta rayu ta samo asali ne daga littafin addinin Kirista, musamman wasiƙun Bulus, ɗaya daga cikin manyan masu yaɗa addinin na farko. Da harshen Girkanci ya rubuta su, kuma ya yawaita amfani da kalmar "oikodomeo", wadda ma'anarta ita ce gina gida, yana nufin ƙarfafa jama'ar masu bi da bangaskiya da kyakkyawan hali. A fahimtarsa jama'ar kanta gini ce da ake ɗorawa, kowane mutum kuma yana da abin da zai ƙara mata ko ya rage mata. Da aka mayar da littafin zuwa Latin, a fassarar da ake kira Vulgate wadda ake danganta ta da wani malamin Kirista mai suna Jerome a ƙarshen ƙarni na 4, sai aka sa "aedificare" a gurbin kalmar Girkancin. Mabiyan John Wycliffe, da suka fassara littafin daga Latin zuwa Ingilishi a shekarun 1380, sun ɗauko kalmar yadda take, William Tyndale ya riƙe ta a fassararsa ta 1526, sannan fassarar Sarki James ta 1611 ta kafa ta a kunnen duk mai jin Ingilishi har tsawon ƙarnoni.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan wurin da kalmar ta fi shahara, domin a nan ne ake ganin zuciyarta. A babi na 8 na wasiƙarsa ta farko zuwa ga mutanen Korinti, wani birnin kasuwanci a ƙasar Girka, Bulus yana warware wata gardama ce a kan naman da aka yanka wa gumaka, wanda akan kai ragowarsa kasuwa a sayar. Wasu daga cikin masu bi suna cewa su sun san gunki ba kome ba ne, don haka cin naman ba ya cutar da su. Wasu kuma, waɗanda ba su daɗe da barin bautar gumaka ba, ganin hakan yana rikita musu zuciya. Bulus bai ce masu ilimin sun yi kuskure a hujjarsu ba. Abin da ya ce, a lafazin fassarar 1611, shi ne "Knowledge puffeth up, but charity edifieth", wato sani yana kumbura mutum, ƙauna kuwa tana gina shi. Ka lura, Malam, cewa a wannan jimla ilimi da "edify" ba a gefe ɗaya suke ba, an ma ajiye su ne suna fuskantar juna. A babi na 10 ya sake cewa ba duk abin da ya halatta ne yake ginawa ba. A babi na 14 kuma, inda yake magana a kan masu yin addu'a da harshen da jama'a ba sa fahimta, ya ce irin wannan mutum kansa kawai yake ginawa, alhali mai magana da abin da kowa zai gane jama'a yake ginawa, ya kuma umarta cewa duk abin da za a yi a taro a yi shi domin wannan ginin.

Abu biyu ne kalmar ta ɗauko daga nan, kuma har yau ba ta rabu da su ba. Na farko shi ne ana auna ta da abin da ya faru a cikin mai sauraro, ba da ƙwarewar mai magana ba. Lacca tana iya cika da hujjoji, mai yin ta ya burge kowa, amma idan mutane suka tashi yadda suka zauna, ba a ce ta yi "edify" ɗinsu ba. Na biyu shi ne tana nuna ƙari a kan abin da yake da kyau, sannu a hankali, kamar yadda maginin ƙasa yake jera tubali sahu ɗaya, ya bar shi ya sha iska, kafin ya ɗora na gaba. Ba ta nufin rushe mugun hali, kuma ba ta nufin sauyin dare ɗaya.

Wannan shi ne bambancinta da "educate". Idan ka koya wa ɗalibanka yadda ake lissafin riba, ko sunayen manyan kogunan Afirka, ka yi aikin "educate" ko "teach", kuma jarrabawa tana iya nuna ko sun koya. Idan kuwa ka karanta musu tarihin wani mutum da ya riƙe amana a lokacin da riƙe ta yake da tsada, suka fita aji suna jin cewa su ma haka ya kamata su zama, to wannan shi ne abin da ake kira "edify", kuma babu takardar jarrabawar da take auna shi. Mutum yana iya zama mai digiri uku bai taɓa samun wannan ba, kamar yadda tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba take iya bayar da shi. Gaskiya ne ƙamusoshin zamani suna ƙara cewa kalmar tana iya nufin kyautata tunani ko ƙara fahimta, kuma za ka ga an ce wata tattaunawa a kan kimiyya ta kasance "edifying" ba tare da an kawo zancen ɗabi'a ba. Duk da haka ƙamshin asalin bai gushe ba, domin ko a irin wannan wuri mai maganar yana nufin ya fita ya fi yadda ya shiga, ba wai ya tara bayanai kawai ba.

Sauran maƙwabtanta ma kowace da inda ta dosa. "Enlighten" tana ɗauka cewa akwai duhun rashin sani da za a yaye. "Reform" tana ɗauka cewa akwai ɓarna da za a gyara, shi ya sa ake amfani da ita a kan mai laifi ko hukumar da ta lalace. "Uplift" da "inspire" sun fi karkata ga abin da zuciya ta ji a lokacin, ko ya ɗore ko bai ɗore ba. "Moralize" kuwa kusan kullum zargi ce, ana faɗinta ne a kan mai yi wa mutane wa'azin da ba su nema ba.

Yanzu sai batun gatse, wanda mutane da yawa suke zaton sabon abu ne, alhali ya tsufa. A cikin wasan kwaikwayon Hamlet na Shakespeare, wanda aka rubuta wajen shekarar 1600, akwai wani bafade mai suna Osric da ya zo isar da saƙon gasar takobi, yana ta ƙawata magana da manyan kalmomi har ya kira maratayin takobi da wani suna da Hamlet bai gane ba. Da Hamlet ya tambaye shi abin da yake nufi, sai abokinsa Horatio ya ce masa a gefe, "I knew you must be edified by the margent ere you had done", wato dama na san ba za ka gama da wannan mutum ba sai ka nemi ƙarin haske daga sharhin gefen shafi. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san irin wannan sharhi da ake rubutawa da ƙananan haruffa a gefen littafi domin warware kalma mai wuya. Abin dariyar shi ne Horatio ya ɗauko kalmar da ake ji a wurin ibada ya ɗora ta a kan surutun bafade marar kan gado. Tun kafin fassarar Sarki James ta fito ke nan, kalmar tana da fuska biyu.

Ƙarnonin da suka biyo baya sun ƙara wa fuskar gatsen ƙarfi, kuma a ganina yawan amfani da kalmar da gaske ne ya jawo haka. A Faransa, limaman ƙungiyar Jesuit sun buga wasiƙun da masu wa'azinsu suke aikowa daga Sin da Indiya da nahiyar Amurka a cikin juzu'i 34, tsakanin 1702 da 1776, a ƙarƙashin sunan da yake bayyana su a matsayin wasiƙu masu gina zuciya kuma masu ban sha'awa. A Ingila an kafa ƙungiyar buga ƙananan littattafan addini a Landan a 1799, kuma a zamanin Sarauniya Victoria, daga 1837 zuwa 1901, aka cika kasuwa da littattafai da laccoci da aka shirya domin kyautata halin yara da ma'aikata da talakawa. Galibi masu kuɗi ne suke zaɓar abin da ya kamata talakawa su karanta, kuma da yawa daga cikin littattafan labarai ne marasa armashi waɗanda yaron kirki yake samun lada, yaron banza ya gamu da ajalinsa a shafin ƙarshe. Waɗanda aka tilasta wa karanta irin waɗannan suna yara, da suka girma suka zama marubuta, ba su manta ba. Daga nan kalmar ta ɗauki warin abu mai amfani amma mai gundura, da kuma warin mutumin da yake kallon na ƙasa da shi a matsayin wanda yake buƙatar gyara.

Akwai alamu biyu da suke nuna yadda kalmar ta gaji a ƙarni na 20. Sababbin fassarorin littafin Kirista, irin su Revised Standard Version ta 1952 da New International Version ta 1978, sun ajiye ta a waccan aya ta Korinti, suka koma ga kalmomin Ingilishi na yau da kullum, "builds up". Haka kuma masanin falsafa ɗan ƙasar Danmak, Søren Kierkegaard, ya wallafa wasu jawabai goma sha takwas a 1843 da 1844 waɗanda sunansu a harshensa yake ɗauke da wannan hoton na gini. Masu fassarar farko zuwa Ingilishi sun kira su "edifying", amma Howard da Edna Hong, a fassararsu ta 1990, sun zaɓi "upbuilding", kalmar da ba a saba ji ba amma take nuna ginin a fili.

To a ina kalmar take zaune a yau? Wuri na farko shi ne coci, inda take nan da cikakken ƙarfinta ba tare da ko ɗigon ba'a ba. Wannan yana da muhimmanci a gare mu, domin a Najeriya da Gana, inda fassarar Sarki James take da farin jini a majami'u da yawa, za ka ji Kirista ya ce wa'azin ranar Lahadi ya yi "edify" ɗinsa, ko ya ce wata hira ba ta "edify" kowa don haka a bar ta, kuma da zuciya ɗaya yake faɗi. Idan abokin aikinka Kirista ya gaya maka cewa jawabin da ka yi a taron iyaye ya kasance "edifying", yabo ne tsantsa, ka karɓa ka gode. Wannan ne ma ya sa ɗan Najeriya yake iya rubuta kalmar da kyakkyawar niyya, Baturen Ingila ya karanta ta da wata fassara dabam.

Wuri na biyu shi ne rubutu mai nauyi, kamar sharhin littattafai da tarihi da falsafa, inda za a ce an gina wani gidan tarihi "for the edification of the public", wato domin amfanin jama'a ta fuskar tunani da ɗabi'a. Sau da yawa ana haɗa ta da kalmar nishaɗi, a ce an shirya abu domin "edification and entertainment", wanda ya yi kusa da abin da gidajen rediyonmu suke faɗi cewa aikinsu ilmantarwa ne da faɗakarwa da nishaɗantarwa. Mai yiwuwa nassin da kake shirin karantarwa daga wannan rukuni yake.

Wuri na uku, wanda ya fi yawa a jaridun Birtaniya, shi ne siffar korewa, "unedifying". Idan 'yan majalisa suka kaure da cacar baki a zauren majalisa, ko shugabannin jam'iyya ɗaya suka fito suna tona wa juna asiri a gaban 'yan jarida, ko magada suka kai juna kotu a kan dukiyar mamaci tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, marubucin sharhi zai kira abin "an unedifying spectacle". A zahiri cewa ya yi kallon abin ba ya ƙara wa kowa kyawun hali, amma abin da yake nufi shi ne abin kunya ne da zubar da mutunci. Wannan salon Ingilishi ne na rage murya domin a ƙara wa magana zafi, kuma mai fassara da ya tsaya a kan zahirin lafazin zai yi asarar zafin gaba ɗaya. Haka ita ma siffar tabbatarwa takan juye, ta yadda mutum zai fito daga taron da aka yi ta zage-zage ya ce, "Well, that was edifying", kowa kuma ya gane akasin haka yake nufi.

Akwai wuri na huɗu da ya kamata ɗalibai su sani, domin wasu daga cikinsu za su gamu da shi kafin su gama makaranta. Masu kasuwancin nan na jawo mutane, wanda kowa yake samun kaso daga cinikin waɗanda ya shigar, sun ari kalmar sun ba ta wata ma'ana tasu. A wurinsu "edify" shi ne ka yi ta kambama wanda yake sama da kai a gaban sabon mutumin da ake son jawowa, ka faɗi motocinsa da tafiye-tafiyensa, domin idan ya buɗe baki a saurare shi. Wannan ba ma'anar kalmar ba ce a Ingilishin gama-gari, kuma ta juya asalin a kansa, tunda ginin ya tashi daga zuciyar mai sauraro ya koma kan sunan mai magana.

Ta fuskar nahawu kalmar ba ta da wahala. Aikatau ce mai buƙatar karɓau, kuma karɓaun mutum ne ko jama'a ko zuciya, ba darasi ba. Ana cewa "the sermon edified the congregation", amma ba a cewa "he edified me mathematics" kamar yadda ake yi da "teach". Harafin ƙarshe yana sauyawa a "edifies" da "edified", ya tsaya a "edifying". Sunan, "edification", ba a saba jam'inta shi ba, kuma ya fi zuwa bayan "for". Wajen furuci ana danna gaɓar farko a "edify", a "edification" kuwa ana danna gaɓa ta huɗu. Siffofin nan biyu, "edifying" da "unedifying", da kuma sunan, sun fi aikatau ɗin kansa yawo a rubutun yau. Sai kuma gargaɗi guda ga masu buga rubutu da sauri: "edify" da "deify" haruffansu ɗaya ne, musanya biyun farko kawai ya raba su, alhali ta biyun tana nufin mayar da mutum abin bauta, kuma kwamfuta ba za ta ja maka layi a ƙarƙashinta ba tunda ita ma kalma ce ingantacciya.

Saura fassara zuwa Hausa, kuma a nan ba zan ba ka kalma ɗaya ba, domin duk wadda na ba ka za ta yi daidai a wani wuri ta kauce a wani. "Tarbiyya" ita ce take fara zuwa a zuciya, kuma tana da kusanci, tunda ita ma ƙari ce a hankali a kan hali. Sai dai tarbiyya aiki ne na shekaru, tsakanin uba da ɗa ko malami da almajiri, alhali littafi guda ko hirar awa ɗaya tana iya zama "edifying". "Wa'azi" da "nasiha" suna bayyana abin da mai magana ya yi ne, ko an ji ko ba a ji ba, ita kuwa kalmarmu sakamakon take kallo. "Faɗakarwa" tana da gargaɗi a cikinta, kamar ana tashin wanda ya yi sakaci. "Gyaran hali" yana nuna akwai abin da ya karkace. "Wayar da kai" ta fi dacewa da "enlighten". Wadda zan hana ka gaba ɗaya ita ce "ladabtarwa", domin a Hausar yau tana tafiya da horo da bulala, abin da babu shi ko kaɗan a cikin "edify".

Waɗanda suka yi karatun addinin Musulunci suna da kalmomi biyu na Larabci da suke kewaya wannan fili. Akwai tahzibi, wadda take cikin sunan littafin Miskawaihi, malamin da ya rasu a 1030, a kan kyautata ɗabi'u, kuma asalinta sassabe reshen bishiya ne domin ta miƙe. Akwai kuma tazkiyya, wato tsarkake zuciya. Dukansu suna nufin inda "edify" take nufa, amma ta hanyar cire abin da bai kamata ba, ita kuwa ta hanyar ɗora abin da ya kamata. Wannan bambanci ƙarami ne a aikace, amma ɗalibi mai kaifin basira zai ji daɗin ganinsa, kuma zai taimaka masa ya riƙe kalmar.

Abin da nake ba da shawara shi ne ka fassara jimla, kada ka fassara kalma. Idan nassin na addini ne, "gina" tana aiki kai tsaye, ka ce ƙauna tana gina mutum, ko a yi kome domin gina jama'a, kuma Bahaushe zai gane, tunda mun riga mun saba da cewa gina al'umma. Idan an ce littafi "edifying" ne, ka ce littafi ne mai kyautata hali, ko mai ƙara wa mutum hankali da natsuwa, ko kuma a taƙaice mai amfanarwa. Idan mutum ya ce "I was edified", Hausa tana da abin da ya dace da shi sarai, wato "na ƙaru", domin idan Bahaushe ya tashi daga gaban malami ya ce ya ƙaru, ba adadin bayanai yake nufi ba. "For the edification of the public" sai ta zama domin jama'a su ƙaru. "An unedifying spectacle" kuwa abin kunya ne, ko abin da ba shi da kyan gani. Idan kuma ka tabbata gatse ne, to ka mayar da shi gatse, ka ce "lallai yau mun ƙaru" da irin muryar da kowa zai gane ba a ƙaru da kome ba.

Game da rahoton naka, abin da ake rubutawa ga na gaba shi ne "for your information" idan sanarwa ce kawai, ko "for your attention" idan kana son ya duba, ko "for your consideration" idan akwai shawarar da kake son ya yanke hukunci a kanta. "For my own edification" kuwa kana iya faɗinta a ko'ina ba tare da fargaba ba, misali idan kana son a yi maka ƙarin bayani a kan abin da ba dole ne ka sani ba, domin a nan kanka ka sa a matsayin mai neman ƙaruwa, kuma masu harshen suna jin ta a matsayin tawali'u.